Murɗi Ba Ya Son Ruwa

A gidan hayar da Mufida ke aure a Agege ta Legas abu ba ya ɓoyuwa. Ɗakuna suna kallon juna baki da baki, famfo ɗaya, banɗaki ɗaya, in ka yi tari a ɗakinka na gaba ya ce maka sannu. Duk da haka ta yi watanni tana riƙe da magana guda wadda ko mahaifiyarta da ke Malumfashi ba ta sani ba: mijinta Murtala ya daina shiga ɗakinta.

Ba faɗa suka yi ba. Da faɗa ne ma da sauƙi, a kira manya a sasanta. Zai dawo daga Abbatuwa, mayankar da yake sayar da nama, ya yi wanka, ya ci tuwonta har ya suɗe hannu, sannan ya miƙe a doguwar kujerar falo da waya a hannu, nan zai kwana. Cefane bai taɓa yankewa ba. Ta tambaye shi, ya ce gajiya. Ta sake tambaya, ya ce ta cika mita. Ita kuwa ba yarinya ba ce, ta san ya gaji da ita ne, ta kuma san abin da ya hana shi sallamarta. Kawunta Alhaji Shitu ne ya ɗaure masa gindi a Abbatuwa, shi ke ba shi shanu, kuma ba a sakin 'yar Alhaji Shitu a ce don an gaji. Sai ta rufa masa asiri ta rufa wa kanta. In mata suka zauna suna ƙorafin mazajensu ba sa barin su su huta, ita ma sai ta sunkuyar da kai ta yi murmushi kamar ta san zancen.

Wata rana ta kawo masa ruwa, idonta ya faɗa kan wayarsa. 'Yan matan Legas yake kallo, masu gashin nan da ake kira dada, curarre igiya-igiya har kafaɗa. Ta koma ɗaki ta zare ɗankwali ta tsaya gaban madubi. Kitso mai tsauri ya cinye mata gaban goshi, abin da ya rage kuma laushi gare shi kamar na jariri. Ta ji tausayin kanta. Amma mai neman mafita ko ramin ɓera ya gani sai ya leƙa, don haka washegari ta nufi rumfar Badiyya.

Badiyya ce mai kitson gidan, haifaffiyar Agege, Yarabanci a bakinta kamar ruwa, bakin kuma ya fi hannun sauri. A tsakar gida take aiki, ƙarƙashin wata rumfar kwano, inda matan gidan ke taruwa da yamma suna tsintar shinkafa suna tsintar mutane. Shugabar zaman ita ce Inna Batulu, tsohuwa mai sayar da ƙosai, wadda ta aurar da 'ya'yanta duka ta koma lura da auren wasu.

Badiyya ta tsefe kan Mufida, ta juya shi hagu da dama kamar mai tayin kabewa. Ta ce dada ba wuya, yanzu matan aure da yawa suna yi a ƙarƙashin hijabi, ga shi yana hutar da gashi daga jan kitso. Sai dai a zaɓi yadda za a fara. Akwai mai barin kansa kawai ba taje ba tsifa har ya cure, wannan aikin mahaukata ne, ita ba ta sa hannu. Akwai na ƙugiya, a riƙa soka 'yar allura mai lanƙwasa ana cusa gashin cikin juna, a tashi da shi a kame ranar, ko a kogi aka faɗa ba zai warware ba. Sannan akwai murɗi, a shafa man gashi mai danƙo da ake kira jel a murɗa da bakin mataji, shi ba zafi, amma ba ya son ruwa. Shafar alwala ba komai. Wanke kai dai babu, sai ya yi kamar mako uku ya kama.

"Matan aure ƙugiya nake musu," in ji Badiyya tana ƙifta wa Inna Batulu ido. "Kin dai san dalili, iyawo amaryarmu. Wankan tsarki ba ya jiran gashi. Amma naki ɗin nan in na sa masa ƙugiya, wallahi a hannuna zai zube."

Mata suka tsaya da tsintar shinkafa suna jiran amsa. Mufida ta gane tambayar da ke ƙarƙashin tambayar. Ta zaɓi ƙugiya ta rasa gashin da ta zo gyarawa, ko ta zaɓi murɗi a ce me? Sai ta yi dariya, irin dariyar da ta koya a gidan, ta ce a yi murɗin, za ta ba maigidan haƙuri. Aka kwashe da shewa. Inna Batulu ta ce za su gani, ita dai ba ta taɓa ganin mahaucin da ya iya haƙuri da nama a gabansa ba.

Badiyya ta ce ta dawo da zarar ta yi wankan wata, don kada al'ada ta katse aikin. Haka aka yi. Kan ya fito da kyau, ƙananan murɗi a jere, sai sheƙi suke. Da yamma Mufida ta bar kanta a buɗe a falo, ta yi ta kai da kawowa, ta kawo tuwo, ta kawo ruwa, ta dawo ɗaukar kwanon da bai gama da shi ba. Murtala ya ɗago sau ɗaya, ya ce, "Kin koma 'yar Legas ke nan." Ya mai da idonsa kan waya. Ta shiga ɗaki ta yi kuka ba sauti, tana kare kanta daga matashi kada murɗin ya lalace.

Mako ya zagayo, murɗin nan ko ɗaya bai motsa ba. Badiyya ta mai da kan Mufida allon talla. Duk wadda ta zo kitso sai an kira ta, a zare mata ɗankwali, a ce a duba aiki, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Da farko yabo ne. Daga baya yabon ya fara tsami. Wata ta ce Murtala waliyyi ne. Wata ta ce ko dai ana yanka shanun ne har da ƙarfinsa. Inna Batulu ba ta yi dariya ba, ta dai ƙura mata ido, ta ce a hankali, "'Yar nan, lafiya dai kuke da mijinki?"

Wannan tambayar ce ta hana ta sukuni. Zolaya ana iya shanyewa, amma tausayi a gidan haya shi ne matakin farko na tonon silili. Ta hango labarin ya fita ƙofa, ya isa Abbatuwa, ya shiga motar shanu ya sauka Malumfashi. Da asuba ta ɗauki bokiti kamar kowa, domin a zafin Legas kowa da wankan safe yake farawa. Ta rufe ƙofar banɗaki, ta daɗe tana kallon ruwan. Sannan ta cika moɗa ta sheƙa a kanta, ta ƙara, ta ƙara, ta cusa yatsu har fatar kai. Jel ɗin ya narke ya bi wuyanta.

Da ta je rumfa ta zare ɗankwali, Badiyya ta dafe ƙirji tana salati da Yarabanci, mata kuwa har da masu faɗuwa don dariya. Aka yi ta tafa mata. Inna Batulu ta ce ai ta faɗa. Mufida ta rufe fuska da tafin hannu kamar mai jin kunya, kuma gaskiyar magana daɗi ta ji, daɗin da ta manta da irinsa. Ranar har ƙosai tsohuwar ta aiko mata, ta ce amarya ta mai da jini.

Abin da ya yi daɗi sau ɗaya kuwa sai an koma masa. Badiyya ta sake murɗawa, bayan 'yan kwanaki Mufida ta sake zubawa. Aka sake, ta sake. Ta zama tauraruwar tsakar gida, har sababbin amare suna raɓarta suna tambayar me take ba shi. Ita da ke kwana ita kaɗai tana jin tarinsa ta bayan labule, ita ce ke ba da shawara. Gashin dai wahala yake sha, kullum a murɗa a warware, gaban goshin ya ƙara ja da baya. Ba ta damu ba, tun da an daina tambayarta ko lafiya. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa zancen mata yana da ƙafar da zai taka har kunnen maza ba.

Ran nan da la'asar tana zaune a kan kujerar tsuguno, Badiyya ta murɗa rabin kai, sai ga Murtala ya shigo da wuri, riƙe da ledar nama. Mata suka gyara lulluɓi. Mufida ta lalubi ɗankwali. Da ma wucewa yake yi da sallama a taƙaice, amma Badiyya, da yake tare suka tashi a unguwar tana ganin wasa tsakaninsu, ta ɗaga mataji ta tare shi.

"Oga Murtala, don Allah ka tausaya min. Kullum in gyara kai, kullum ka sa a wanke min aiki. Ka bar yarinyar nan ta huta gashi ya kama mana, haba jare."

Aka yi dariya. Murtala ya tsaya. Ya tambayi me take nufi, Badiyya ta yi masa dalla-dalla tana ƙarawa da gishiri, sauran suna tayawa. Mufida tana kallon fuskarsa daga ƙasa. Ta ga lokacin da ya gane, ta kuma ga abin da ya biyo baya, wanda ba fushi ba ne. Sauƙi ne ya sauko masa, irin na ɗan dako da aka sauke wa buhu. Ya ajiye ledar naman a kan turmi, ya juya ga tsohuwar.

"Inna, ke ce babba a nan, ki zama shaida. Ni rabona da ɗakin matar nan tun kafin azumi. Ku tambaye ta wankan wa take yi."

Daga bakin titi ana jiyo kwandastan motar haya ta danfo yana kiran fasinjojin Iyana Ipaja. Mufida ta miƙe, rabin kai a murɗe rabi a tsefe. Ba ta da abin kare kanta sai abin da ta yi watanni tana ɓoyewa, ta kuwa zazzage shi duka a gaban kowa. Ta ce gaskiya ne ba ya shiga. Ta ce ba wanda ya taɓa ta, ita ke zuba wa kanta ruwa da moɗa don kada a gane, don kada a yi da shi, don kada a yi da ita. Ta rantse da Allah, ta ce a kawo Alƙur'ani ta dafa. Kunya kamar ta kashe ta.

Wata daga baya ta kasa riƙe dariya, ta toshe baki da gyale. Amaren da ke neman shawararta suka kalli juna. Inna Batulu, wadda ta aiko mata da ƙosai, ta karkaɗe zaninta ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa jin macen da ke wankan ƙarya ba, amma Allah shi ne masani.

Mufida ba ta bi ta kansu ba, mijinta take kallo. Ya san ta. Ya san ko bakin titi ba ta zuwa sai ta faɗa masa, ya san a falon da yake kwana ne ƙofar fita take. Ta ga a idonsa ya yarda da kowace kalma da ta faɗa. Wannan ne ya fi yi mata ciwo, domin yardar ba ta hana shi komai ba.

"Ni ban ce kin yi ba, ban ce ba ki yi ba," in ji shi, murya a kwance. "Amma ba zan zauna da zargi a raina ba. Na sake ki saki ɗaya. Alhaji kuma ni zan je in yi masa bayani da kaina, ga shaidu nan."

Ya ɗauki ledar namansa ya shige. Mata suka fara tattara farantansu, kowace tana sauri ta riga wata kai labari. Mufida ta koma kan kujerar tsugunon da ta tashi. Tana tunanin kawunta, da mahaifiyarta, da yadda maganar za ta isa gida, domin ta san ba maganar moɗa za a ɗauka a kai ba, ta zargin za a kai.

Badiyya ta daɗe a tsaye da mataji a hannu. Ba ta ba da haƙuri ba, ba ta cikin masu ganin bakinsu ya yi laifi. Ta dubi rabin kan da ya rage, ta lakato jel da yatsa, ta danna kan Mufida ƙasa.

"Sunkuya in ƙarasa miki," ta ce. "Wannan karon dai zai kama."