Notin Katako a Kwanar Gada

Shekarata talatin da huɗu ina duba layin dogo da ƙafa. Kilomita takwas ne rabona, daga tasha zuwa gada. Kayan aikina guduma, sifana da jar tuta. Duk inda ƙarfen layi ya haɗu da ɗan'uwansa akwai noti huɗu, kowanne sai na buga shi. Lafiyayyen noti yana amsawa da ƙara mai tsawo. Wanda ya saki amsarsa gajera ce.

Ranar da nake ba da labari, na isa kwanar da ke gab da gada da hantsi. Na buga noti, bai amsa ba. Na sake bugawa, na ji kamar na bugi ƙyauren ɗaki. Na durƙusa na kankare shi da farce. Katako ne. Ɓarayi sun kwance na ƙarfen, sun sassaƙa itace daidai siffarsa, sun shafe da baƙin mai, sun cusa a ramin. Mahaɗa shida a jere haka suka yi musu. Ido ba zai gane ba.

Na kira shugaban tasha a waya. Sa'an ɗana na biyu ne, amma shi ke ba ni umarni.

"Yallaɓai, a tsayar da jirgin fasinja. Babu noti a kwanar gada."

"Baba Guduma, ka fara ko? Jiya injiniya ya bi wurin a motar layi, har hoto ya ɗauka. Ga shi ina kallo, noti reras."

"Katako ka ke kallo."

Ya yi dariya. "Allon siginata kore ne tun daga nan har gada."

"Allonka ya san layin yana kwance. Bai san me ke riƙe da shi ba."

Ya daina dariya. Ya tuna mini da bara, da na tsayar da jirgin kaya saboda tsagewar da na gani a ƙarfe, aka zo aka ce tsatsa ce. An ba ni takardar gargaɗi a kan haka. Ya ce in na ƙara ɗaga tuta ba da izini ba, shi ba zai iya kare ni ba.

"Ka dawo tasha ka rubuta rahoto, in tura sama," in ji shi.

"Jirgin yana ina yanzu?"

"Ya baro tashar baya. Minti arba'in."

Tafiyar tasha awa biyu ce. Na katse kiran.

Jirgi mai tarago goma ba ya tsayawa inda aka ce ya tsaya, sai ya ja. Na haye gada na nufi inda zai ɓullo, ina ƙirga taku. A dubu ɗaya da ɗari biyu na tsaya, inda layi ya miƙe direba zai hango ni daga nesa. Wayar tana ta kuka a aljihu. Na bar ta. Na shiga tsakiyar layi na ɗaga tuta.

Ƙarfe ya fara rawa a ƙarƙashin takalmina kafin in ga kan jirgin. Direba ya danna oda. Ban matsa ba. Ya sake yi, doguwa. Sai na ji birki ya kama, taragu suna karo da juna a baya. Ya tsaya saura kamar taku talatin tsakaninmu.

Direban ya sauko. Gajere muke ce masa, shekara ɗaya aka ɗauke mu aiki.

"Tsohon banza, in mutuwa kake nema ka je ka yi a gadonka. Sai ka ɓata mini gaban inji?"

"Zo ka gani, Gajere."

Muka taka har kwana. Ya sunkuya, ya duba, ya ɗago.

"Ga noti nan. Idonka ne ya tafi."

Na miƙa masa guduma. Ya buga da ƙarfi don ya kunyata ni. Notin ya dare biyu, farin itace ya bayyana. Gajere ya tsaya yana kallonsa. Ya juya ya dubi ramin da ke ƙarƙashin gada, ya dubi jirginsa can nesa, mutane sun leƙo ta tagogi. Ya cire hula ya goge kansa.

Bayan rabin awa shugaban tasha ya iso a motar layi. Ya ga itacen. Bai ce na yi daidai ba, ni ma ban jira ba. Daga sama ana ta kiransa a waya, yana ta "to, ranka ya daɗe". Da ya gama ya zo gare mu.

"Sun ce jirgin ya lallaɓa ya wuce a hankali, kamar tafiyar mutum. Masu gyara za su zo da yamma."

"A miƙaƙƙen layi da na yarda," na ce. "Nan kwana ce. Nauyin jirgi waje yake tura ƙarfe, ko gudu yake ko rarrafe."

"Baba, umarni ne."

"Wanda ya ba da shi ya zo ya zauna a taragon gaba."

Na zauna a kan layin, na ɗora guduma a cinya.

"Direba, ka ji abin da aka ce," in ji shugaban tasha.

Gajere ya ce, "Na ji, yallaɓai. Amma doka ta hana ni taka mutum, ko da mummuna ne irin wannan." Ya koma ya kashe inji.

Awa uku na yi a zaune. Fasinjoji suka sauko. Wasu suka zage ni, wata mata mai goyo ta kawo mini ruwa. Wani mai jaka ya ce na sa ya rasa ganawa da manyan mutane. Na nuna masa gada na ce ya taka da ƙafa, ba a rufe take ba.

Da masu gyara suka iso da noti ashirin da huɗu, ban bar su su kaɗai ba. Duk wanda suka ɗaure sai na sa sifanata na ƙara, na buga na saurara. Sannan na tashi na naɗe tuta. Jirgi ya wuce. Gajere ya leƙo ta taga ya ce in je in yi wanka.

Takardar hukunci ta zo bayan kwana uku. 'Yata ta karanta mini a tsakar gida. An dakatar da ni wata ɗaya, saboda tsayar da jirgi ba izini da kuma kashe wa na gaba waya. A ƙasa akwai inda zan sa hannu in ce na yi kuskure. Na ce ta mayar a ambulan yadda ta zo.

Da safe na ɗaure takalmi. Uwar yarana tana bakin ƙofa da tsintsiya.

"Malam, ina za ka?"

"Layi."

"An dakatar da kai fa."

"Jirgin ma an dakatar da shi?"

Ta matsa ta ba ni hanya.