Yadda Ake Shiga Wurin Kaka

Ranar Asabar ce kaɗai Maritza Higa ke zama malama. Sauran kwanakin tana masana'antar shirya abincin kwali a Isesaki, tana jera soyayyen kifi a kan shinkafa, kamar sauran mutanenmu 'yan Peru da suka zo Japan neman na tuwo har furfura ta same su a nan. Asabar kuwa sai ta karɓi makullin wani ɗaki a zauren unguwa, ta koyar da Sifaniyanci ga 'yan aji biyar da shida na firamare, yaran da aka haifa a nan, harshen iyayensu ya zame musu rigar aro.

Yawancinsu turo su ake yi, suna zuwa suna kumbure-kumbure. Kiomi, 'yar shekara goma sha ɗaya, ita ta kawo kanta. Kakarta ta wajen uwa, Iya Eulalia, ce ta raine ta. Amma tun tana rabin aji, uwarta Charo ta hana Sifaniyanci a gida, wai kada yarinya ta rikice a makaranta a riƙa yi mata dariya. Tsohuwar ta bi, ta riƙa lallaɓa guntun Japanancinta. Da ciwon mantuwa ya kama ta, abin da ta koya da girma shi ya fara zubewa, ya bar ta da Sifaniyancin Callao, garin da aka haife ta a Peru. Yanzu in Kiomi ta shigo, sai tsohuwar ta gyara zama ta ja mayafi, don a ganinta ma'aikaciyar jinya ce aka turo. Ga shi an sama mata gado a gidan kula da tsofaffi, ƙarshen wata za a kai ta. Abin da Kiomi ke so bai wuce kakar ta gane ta ba kafin ta bar gidan.

Maritza ta dage. Ta koya mata gaisuwa, da tambayar jiki, da yadda za ta faɗi sunanta da na uwarta. Yarinyar akwai kai, abin da aka faɗa sau ɗaya ya zauna. Da Maritza ta ga an nuna, ta raka ta gida da kanta don ta ga abin da idonta.

Kiomi ta cire takalmi ta jera su tsaf. Ta tsaya daga bakin ƙofar falo, hannaye a gaba, ta rusuna, ta karanto komai ba tuntuɓe. Iya Eulalia ta saurara har ƙarshe, fuskarta ta washe.

"Kai, madalla da 'yar Japanawa," ta ce wa Maritza. "Ji yadda ta iya harshenmu. 'Yar wane gida ce?"

Kiomi ba ta yi kuka ba, yaran nan ba sa yi a gaban baƙo. Ta sake rusunawa ta fita. Wannan rusunawar ce ta bi Maritza har gida, ta tsaya mata a rai. Ajinta ma da ita ake buɗe shi: a miƙe, a rusuna, a zauna, kamar kowace makaranta a ƙasar. Ta tuna gidan kakarta a Callao. Wa ya taɓa tsayawa a ƙofa? Bankawa ake yi a shiga, a manna wa tsohuwa sumba a kumatu, hannu ɗaya ya riga ya kai murfin tukunya. Ranta ya ɓaci ƙwarai, don ta ga ta ba yarinya kalmomin jika, ta bar ta da jikin baƙuwa.

Asabar ta gaba ta sa aka ture tebura gefe. Ta zauna kan kujera a tsakiyar ɗaki, ta yafa tsohon mayafi, ta ce yau ba karatu, ita ce kakarsu, kowa ya fita ya shigo. Aji ya kaure da dariyar kunya. Wata ta ce sumba ai hanyar mura ce, Maritza ta ce ita da aka shekara hamsin ana yi mata ga ta nan ba ta mutu ba. Da aka zo kan Kiomi, ta taho a sandare kamar taɓarya, ta tsaya nesa, wuyanta ya fara sunkuyawa da kansa.

"Ke, kakarki ce ko shugabar makaranta? Koma. Ki shigo kamar gidan ubanki ne, ki ce yunwa kike ji. Kada ki roƙa, nema za ki yi."

Ta koma ta shigo, ta koma ta shigo, har kumatun Maritza suka yi ja.

Ranar da za a tafi da tsohuwar, Charo ta dafa mata shinkafa da kaza, irin mai koren launin nan tamu ta Peru, ta ajiye tukunyar a kan tebur kusa da ita. An haɗa jakunkuna a bakin ƙofa. Maritza ta ɗauki hutun rabin yini ta zo, ta rakuɓe a gefe.

Kiomi ta dawo daga makaranta. Ta watsar da takalmi ɗaya nan ɗaya can, ta jefar da jaka, ta faɗa jikin tsohuwar ta sumbace ta a kumatu da ƙarfi. Ta ce da Sifaniyanci, "Yunwa nake ji. Me kika dafa?" Ta kai hannu ta ɗaga murfi.

Iya Eulalia ta make hannun.

"Charito, ƙazama, ba ki wanke hannu ba. Dubi yadda kika rame. Ina kika tsaya tun ɗazu ina jiranki?"

Sunan da take kiran Charo ke nan tana yarinya. Kiomi ta ɗago ido ta dubi malamarta. Maritza ta laluba duk abin da ta sani, ba ta sami darasin wannan ba. Yarinyar ta mai da kanta kan kafaɗar tsohuwar.

"To, Mama, zan wanke."

Tsohuwar ba ta sake ta ba. Ta riƙe tsintsiyar hannunta, tana gyara mata gashi, tana mita kan ramar. Can ta hango Charo tsaye wajen jakunkuna, ta toshe baki da tafin hannu, hawaye na bin yatsunta. Ta matso da bakinta kunnen Kiomi.

"Wace ce waccan baiwar Allah ke kuka a ƙofa? Zuba mata abinci, da ganinta ta sha hanya."

Kiomi ta tashi ta wanke hannu, ta ɗauko faranti ta zuba wa uwarta.