Zaren Zanen Lamisi

Sanda ta uku ce ta fasa wa Issahaku tela goshi, amma ko gezau. Namijin duniya! Ƙarti bakwai ya zubar a kasuwar Tamale ran nan, ƙaninsa Abdulgafaru na kwance tsakanin ƙafafunsa, jini ta baki ta hanci.

Abdulgafaru ya ba talatin baya, magana ba ta haɗa masa, ba ya kallon idon kowa. Aikinsa ɗaya a rumfar wansa: tsinke zaren da ya yi saura a jikin riga. In ya ga zare na lilo, hankalinsa ba ya kwanciya sai ya cire shi. To, ya gan shi a zanen Lamisi mai koko. Ya ja, zane ya faɗi, ta ƙwalla ihu.

"Ɗan iska! Ku kashe shi!"

Shekara guda ke nan da sauke tutar Bature, amma kulki bai sake hali ba. A caji ofis aka tattake wa Abdulgafaru yatsu, aka rubuta takarda da Turanci cewa ya nemi yi wa Lamisi fyaɗe, aka dangwala karyayyen babban yatsansa.

A kotu tafinta ya raɗa wa Issahaku, "Ɗaurin wata shida ne kawai, maigida. Yi shiru."

Shiru? Issahaku? Ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ban yi boko ba, amma duba nan!"

Ya yage bakin rigarsa, zare ya sauko. Abdulgafaru, da ankwa da kumburarren ido, ya taso yana ɗingishi. Wani kofur ya zabga masa kulki a haƙarƙari, bai ko waiwaya ba. Ya durƙusa, ya sa haƙori ya tsinke zaren, ya yi ajiyar zuciya.

Lamisi ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah! Ashe zaren ne. Ni na yafe."

Alƙali ya daɗe yana rubutu. Tafinta ya ce, "Babu kurkuku. Ba shi da hankalin da za a hukunta."

Issahaku ya bugi ƙirji, ya dubi jama'a. "Kun gani? Ni ne nan!"

Tafinta ya ƙara da cewa, "Gidan mahaukata za a kai shi, can kudu."

"Wata nawa?"

Tafinta ya tattara takardunsa. "Wata ai na masu hankali ne, maigida."