Fijo Mai Sabon Fenti

"Ƙara ba ta wuta," in ji Malam Harisu, kansa sunkuye cikin bonet.

Iliyasu ya taka totur. Injin ya ɗauka da murya ɗaya, babu tari, babu kakkarwa. Ya leƙa madubi ya duba hayaƙin salansa, bai ga baƙi ba, bai ga shuɗi ba. Malam Harisu ya zaro sandar gwada baƙin mai, ya murza tsakanin yatsunsa, ya sunsuna. Daga nan ya buɗe lagireto ya leƙa, ya taɓe baki irin taɓewar da makanike ke yi idan ba ya son mai kaya ya gane an yaba.

Fijo 505 ce, ruwan toka, fentinta sai sheƙi yake a rana. Tana ajiye a wani fili bayan tashar Ojota, cikin gwangwanayen motocin da aka kawo gyara. Mai ita, Baba Rasaki, dattijo ne Bayarabe mai gyaran jikin mota da fenti. Yana zaune bisa tsohuwar taya yana kallonsu, kuma tun zuwansu bai yi wa motar talla ko sau ɗaya ba. Can bakin ƙofar filin wasu majiya ƙarfi suna zaune a benci suna shan sigari, idonsu na kan baƙin nan biyu masu dogayen riguna.

Iliyasu dillalin fata ne a kwatar Agege, kuma ba marmari ya fito da shi neman mota ba. Tun rikicin da aka yi a Ketu shekara biyu da suka wuce matarsa Radiyya ba ta ƙara barci mai nauyi ba. A rikicin nan ƙanenta Sadisu ya fita da sassafe da motarsa ta kabu-kabu zai ɗauko 'yan tumatir a Mile 12, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sun zagaya asibitoci, sun shiga ɗakunan ajiye gawa, sun bi ofisoshin 'yan sanda har kunya ta kama su. Ba shi, ba motar. Da aka sake wani tashin hankalin bara, masu mota suka kwashi iyalansu suka shige bariki, su Iliyasu kuwa suka kwana biyu a kulle da yara huɗu, suna sauraren gudun mutane a waje. Ranar da ƙura ta lafa Radiyya ta ce masa, "Baban Bilkis, ko dai mota ko dai ka mai da mu Kano." Shi ya sa abin da yake nema bai da yawa: motar da za ta ɗauke su duka, ta tashi da an murza makulli, ta kai Kano ba ta tsaya a daji ba.

"Inji ba laifi," Malam Harisu ya ce ƙasa-ƙasa, yana goge hannu. "Shokozoba ta baya ta gaji, wannan ƙaramin aiki ne. Fentin nan dai ba na kamfani ba ne, an sake shi. Takardun kuma sun cika sabunta, ban so haka ba. Duba min kujerun, kada a ɓoye mana aibu da riga."

An sa wa kujerun sabuwar riga ta leda mai zanen furanni. Iliyasu ya fito, ya durƙusa a gefen kujerar direba, ya kwance igiyar rigar ya ɗaga.

A gefen kujerar, inda cinyar direba ke gogawa wajen shiga da fita, akwai faci na jar fatar akuya, faɗin tafin hannu biyu, an ɗinke shi da ɗinki mai layi biyu. Iliyasu ɗan dukawa ne, a gaban mahaifinsa ya koyi wannan ɗinki. Shi ya yanka fatar nan da hannunsa wata Juma'a bayan masallaci, Sadisu na tsaye a kansa yana tsokanarsa wai surukinsa ya koma gyaran kujera. Ga ma inda basilla ta zame ta bar ƙaramin rami a kusurwa.

Ya mai da rigar, ya ɗaure igiyar a hankali. Da ya miƙe sai ya ga motar gaba ɗaya da wani ido. A da fara ce, da lambar Kano, da rubutu a gilashin baya. Yanzu babu ko ɗaya, amma ita ce.

"Yaya kujerun?" in ji Malam Harisu.

"Lafiya lau. Mu gwada ta a titi."

Ya faɗi haka ne don kawai ya fita daga filin nan, daga idon mutanen benci. Baba Rasaki ya tashi ya shiga gaba, Malam Harisu ya zauna a baya. Da suka zo ƙofa ɗaya daga cikin mutanen ya buga bayan motar da tafin hannu, ya yi wata magana da Yarbanci, sauran suka yi dariya. Iliyasu ya hau titin Ikorodu, cunkoso ya tura shi hannun da ya nufi Ketu, babu wurin juyawa.

Giya tana shiga sumul. Ya taka birki, motar ta tsaya cak ba ta ja gefe ba. Wata danfo, bas ɗin haya, ta kutso gabansa, kwandasta na rataye a ƙofa yana kiran Mile 12. Iliyasu ya ji ba zai iya riƙe maganar har Agege ba. Tun da suka zo da Turancin kasuwa suke ciniki da dattijon, don haka ya kalli madubi ya ce da Hausa, murya a daidaice kamar mai zancen taya, "Malam Harisu, motar Sadisu ce."

Idonsu ya haɗu a madubin. Sannan Malam Harisu ya ce, shi ma a daidaice, "Ka tabbata?"

"Ɗinkina ne a jikin kujerar da nake kai."

"To ka kama bakinka. Mu mai da masa abarsa, mu ce za mu yi shawara. Ka san inda muke."

Baba Rasaki bai juyo ba. Idonsa na kan titi ya ce, da Hausa tsantsa irin ta wanda ya girma cikinta, "Sadisu sunansa?"

Ƙafar Iliyasu ta zame daga kuloci, motar ta yi tsalle ta mutu a tsakiyar hanya. Na baya suka dinga danna hon. Ya murza makulli ta tashi, ya lallaɓa gefe kusa da wata mai gasa masara, ya tsaya.

"A Zariya aka haife ni, Alhaji," in ji dattijon. "Ban taɓa sanin sunansa ba sai yau. Ɗan'uwanka ne?"

"Ƙanen matata ne. Ina yake?"

"Ya rasu. Allah ya ji ƙansa. A hannuna ya cika."

Iliyasu ya daɗe da sanin haka a ransa, amma jin maganar daga bakin mutum daban ne. Ya yi salati a hankali. Baba Rasaki ya ci gaba, yana magana kamar wanda ya daɗe yana maimaita ta shi kaɗai. Ranar rikicin, in ji shi, motar ta shigo lungunsu a guje ta daki katangar maƙwabcinsa. Direban duk jini, an sare shi a wuya da kafaɗa. Shi da matarsa suka ja shi cikin gida, suka tura motar bayan gida suka lulluɓe da tamfol. Babu hanyar asibiti, ko'ina an tare. Yaron bai iya magana sosai ba, ruwa kawai yake nema, sai kuma "Yaya" da yake ta kira. Kafin asuba rai ya yi halinsa.

"Me ya hana ka neme mu?" Iliyasu ya ce. "Shekara biyu matata tana tashi duk lokacin da aka taɓa ƙofa."

"In je ina? In shiga Agege da motar Bahaushen da aka kashe a unguwarmu, in ce ni taimakonsa na yi? Ko in je wurin 'yan sanda? A makon da abin ya faru na sake mata fenti na cire lambar, don in an gan ta a gidana ni da ita za a ƙone."

"Yanzu kuma ka sa ta kasuwa, da takardun ƙarya."

"Na sa. An sayar da filin da nake aiki, an ce in tashi. Kuma kuɗin ina so, ba zan yi maka ƙarya ba." Ya ɗaga hannu ya nuna wata kwana a gaba. "In ka shiga nan dama, gidana yana ciki. Can yake kwance."

Malam Harisu ya matso ya dafa kafaɗar Iliyasu. "Kada ka shiga. Mutumin da ya yi takardun ƙarya, labarin ƙarya zai yi masa wuya? Mu koma gida mu zo da mutane."

Iliyasu ya dubi kwanar. Lungu ne matsattse, da lambatu a gefe biyu, da 'yan acaɓa jingine a bakinsa. Tun rikicin bai taɓa taka cikin Ketu ba, ko a danfo yake sai ya sunkuyar da kai in an zo wucewa. Ya san in ya koma ya zo da mutane, ba ziyarar kabari za a yi ba, kuma kafin magariba labari ya zama wani abu dabam a bakin samarin kwata. Ya dubi dattijon. Hannayensa na kan gwiwa, fenti ya cika ƙarƙashin faratansa.

"Malam Harisu, in kana so ka sauka a nan, ba zan ga laifinka ba."

Malam Harisu ya ja tsaki, ya koma ya jingina. "Tuƙa mu je. In na koma ni kaɗai me zan ce wa Radiyya?"

Suka shiga. Motar na tafiya kamar mai tatata, mutane na matsawa suna leƙen cikinta. Wani saurayi ya biyo su yana tafiya daidai tagar Iliyasu har sai da Baba Rasaki ya leƙa ya yi masa magana, sannan ya ja baya. Iliyasu bai san gumi ya jiƙa rigarsa ba sai da suka tsaya gaban wani gida mai tsohon kwano.

Dattijon ya bi da su ta wani soro mai duhu zuwa bayan gida. Kaburbura biyu ne a gindin katanga, an shafe su da siminti kamar yadda mutanen nan ke yi. Ɗaya da suna, na mahaifiyar dattijon ne. Ɗayan babu komai a kansa. Simintin ya tsufa har ya fara tsagewa, amma babu ciyawa ko ɗaya a kewayensa, ga sawun tsintsiya a ƙasa. Wata tsohuwa ta fito daga madafa, mijinta ya faɗa mata wata magana, sai ta dafe ƙirji ta durƙusa har ƙasa, hawaye na zuba.

"Limamin lungun nan ne ya yi masa salla," in ji Baba Rasaki. "Mu huɗu ne a bayansa. Yana nan da rai, in kana so a kira shi."

Iliyasu ya cire takalmansa ya tsuguna. Ya karanta abin da ya sawwaƙa, Malam Harisu na gefensa yana amsawa. Da suka shafa, dattijon ya ce su tafi da motar, ba tasa ba ce. Takardun kuwa ya karɓe abinsa ya cusa a aljihu.

Suka kamo hanyar komawa har suka wuce Ikeja. Can Malam Harisu ya ce, "Ka yarda da shi?"

"Ban sani ba," in ji Iliyasu. "Na dai ga ana share wurin."

Bai kai motar gida ba. Ya ajiye ta a garejin Malam Harisu, ya roƙe shi ya lulluɓe ta, ya ƙarasa da ƙafa. Ana kiran la'asar ya shiga layinsu. Yaran na zaune a dakali tun rana da kayan fita a jikinsu, suna hango shi suka sheƙo.

"Baba, ina motar?"

Ya shafa kan ƙaramar, ya ce wa Bilkis ta kwashi ƙannenta su je gidan Mariamu maƙwabciya, sai ya aiko. Radiyya na tsakar gida gaban risho, ludayi a hannunta. Ta bi yaran da kallo har suka fita, sannan ta dawo da idonta kansa.

"Ba ta yi ba ke nan?"

"Ta yi," in ji shi. Ya jawo tabarma ya shimfiɗa a inuwa. "Zo ki zauna, Maman Bilkis."

Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta sauke tukunyar, ta kashe rishon, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta zo ta zauna a gabansa.