Kwamfutar Gudrun Ta Ƙi Farkawa

Ejvind Kragh mutum ne da ba ya iya ganin abu ya ƙyale shi. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kula da ginin makarantar firamare ta garinmu, yau ɗaurin famfo gobe canjin ƙwan lantarki, kuma tun da ya yi ritaya sai ya juyo da halin nan kan gidansa. Matarsa Gudrun takan ce tsoro take ji ta daɗe a zaune wuri ɗaya, kada ya zo ya ɗiga mata mai a gwiwa.

Ita kuwa Gudrun ita ke rubuta wa gari waƙoƙin biki. In za a yi aure, ko wani ya cika shekara sittin, ita ake kawo wa labarin mutum, ta jera shi baiti-baiti a kan karin da kowa ya sani, a buga a raba a teburin cin abinci, a rera tare. Wannan karon waƙar ta Asta ce, aminiyarta tun suna 'yan mata. Ranar Lahadi Asta da mijinta Thorkild za su cika shekara hamsin da aure, kuma kowa ya sani, ko da yake ba mai faɗa, cewa Asta ba za ta ga ƙarshen hunturun nan ba. Likitoci sun riga sun sallamo ta gida.

Mako guda Gudrun ta yi a gaban tsohuwar kwamfutarta a teburin kicin. Ejvind yakan wuce ya gan ta ta zuba wa allon ido, hannuwanta a cinya, tana ajiyar zuciya. Da ya tambaya ta ce baiti goma sha biyu ne, gyara kawai ya rage. Shi kuwa ya riga ya gano cutar da kansa: na'urar ce ta yi nauyi, tana sa baiwar Allah jira. Bai ce mata komai ba, ya yi odar sabon memori, wato ɗan siririn koren allon nan da ake ƙara wa kwamfuta don ta yi sauri.

Ranar Asabar da safe Gudrun ta rufe murfin kwamfutar, ta tafi zauren taro inda maƙwabta ke saƙa koren ganyen da za a kafa a ƙofar su Asta. Ta ce za ta dawo ƙarfe uku ta buga kwafi sittin. Ko kwanar titi ba ta sha ba Ejvind ya kifa kwamfutar a kan tawul. Ya duba, ba fitilar da ke ci, ba motsi, a kashe take. Ya kwance noti biyu, ya zare tsohon memorin, ya danna sabon har ya ji ƙas. Da yake shi mai tsafta ne, sai ya saka tsohon a cikin robar da sabon ya zo, ya jefa a 'yar tirelar da ya riga ya loda da tarkacen gareji, ya kai filin zubar da kaya kamar yadda yake yi duk Asabar. Ya dawo yana fito, ya dafa gahawa, sannan ya kunna kwamfutar don ya ga aikin hannunsa.

Baƙin allo ne ya fito da farin rubutu. Na'urar ta ce memorinta ya canza tun bayan da ta shiga dogon barci, don haka ta kasa komawa inda ta tsaya. Ta ba shi zaɓi biyu: ko a sake gwadawa, ko a share abin da aka bari a buɗe a fara daga farko. Ejvind ya san matarsa sarai. Gudrun ba ta taɓa kashe kwamfuta ba a rayuwarta, kuma ba ta adana rubutu sai ta gama shi tsaf, wai adana abin da bai kammala ba kamar kai ɗanyen burodi tebur ne. Ya zaɓi a sake gwadawa. Allon ya ɗauke, ya dawo da maganar ɗazu, harafi bai canza ba.

Ya ɗauke hannunsa daga maɓallan kamar ya taɓa murhu, ya kira 'yarsu Solvej, wadda ke aikin kwamfuta a wani asibiti a birnin Aarhus. Ta saurare shi har ƙarshe, abin da ba halinta ba ne, kuma wannan ya ƙara tayar masa da hankali. Ta yi masa bayani cewa idan aka rufe murfi, na'urar tana kwashe duk abin da ke buɗe ta ajiye a gefe, ta kashe kanta ɗungurungum, shi ya sa ya ga kamar a kashe take. Amma in ta tashi, tana son ta tarar da ɗakin yadda ta bar shi. Waƙar tana nan a ciki muddin bai taɓa zaɓi na biyu ba.

"Baba, ka danne maɓallin kashewa har ta mutu, ka cire waya da batir, ka mayar da tsohon memorin a ramin da ka ciro shi. Shi ɗin dai, ba irinsa ba. Ban ce lallai za ta tashi ba, amma ita ce kaɗai dabarar. Yana ina?"

Ejvind ya kalli tirelar ta taga, wayam.

"Baba. Kada ka ce mini yau Asabar."

Ƙarfe ɗaya saura kwata ya isa filin, ana rufewa ƙarfe ɗaya. Mai gadin wurin, Preben, yana tsaye da jar rigarsa ta aiki yana cin burodi da hanta. Doka ce a rubuce a jikin kowane kejin ƙarfe da ake zuba kaya: abin da ya shiga ba ya fita. Kuma Ejvind da kansa ya sha tsayawa a nan yana taya Preben tsine wa masu zuwa tsince-tsince, har ya taɓa kai ƙarar wani da ya ɗauki rediyo. Preben bai manta ba. Ya bar shi ya gama kame-kamensa, yana tauna a hankali, sannan ya tambaya ko shi ne Ejvind ɗin da ya ce a kafa kyamara a wurin. Ejvind ya ce shi ne. Kunya ta ishe shi, amma tsoro ya fi kunyar yawa, sai kawai ya ce waƙar Asta ce a ciki.

Preben ya daina tauna. Asta ce ta yi shekaru tana dafa abincin rana a makaranta, kuma babu ɗan garin nan da bai ci daga hannunta ba. Ya naɗe sauran burodin ya sa a aljihu, ya miƙa wa Ejvind sandar da yake tsinke shara da ita.

"Ni zan je in duba wajen da ake zubar da ganyayen lambu. Idona ba shi da kyau kwanan nan. Minti goma, tsoho, kuma in ka faɗa ciki da kai za a tafi."

Kejin ƙananan kayan lantarki ya kusa cika tun safe. Ejvind ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti yana ɗaga butocin lantarki da wayoyi da injin aski, yatsunsa sun ƙage don sanyi. Ya ga tsohuwar fankarsa da ya zubar ɗazu, ya san yana kusa. Can ƙasa, ƙarƙashin wani dutsen guga, ya hango gefen robar. Ta tsage. Ya zaro ta a hankali, ya ɗaga ɗan koren allon a haske yana juyawa. Bai ga karaya ba, sai dai bai san ma abin da ya kamata ya duba ba. Ya sa shi a aljihun ƙirji ya tuƙa mota gida kamar mai ɗauke da ƙwai.

A kicin ya kashe kwamfutar, ya cire batir, ya sake kifa ta a kan tawul. Ramuka biyu ne a cikin na'urar, ɗaya bisa ɗaya, kuma nan take ya rasa daga wanne ya ciro. Mutumin da ya san girman kowane noti a makaranta ya tsaya yana kallon ramuka biyu kamar baƙo. Ya yi minti biyar a haka kafin ya lura ɗaya ramin yana da ƙura a bakinsa, alamar ba a taɓa saka masa komai ba. Ya mayar da tsohon a ɗayan, ya ɗaure, ya sa batir, ya kunna. Baƙin allon ya dawo da zaɓinsa biyu. Ya karanta su sau uku da yatsa a jikin gilashin, don kada ido ya yaudare shi, sannan ya zaɓi na farko. Wani siririn layi ya fara rarrafe a ƙasan allon. Layin ya tsaya cik a tsakiya, sai kuma ya ci gaba.

Shafin Gudrun ya bayyana. A sama an rubuta sunan Asta da Thorkild, da karin da za a rera. Ƙarƙashinsa layi ɗaya ne, shi ma bai kai ƙarshe ba. Daga nan fari fat. Ejvind ya gangara ƙasa, ya hau sama, ya leƙa ko akwai wani shafin a baya. Babu. Baiti goma sha biyu, aikin mako guda, ya cinye su da karambaninsa, kuma gobe da rana mutum sittin za su zauna a falon Asta suna jiran takarda. Bai sake kiran Solvej ba. Ya zauna kawai, gwiwoyin wandonsa a jiƙe, har ya ji ƙarar keken Gudrun a tsakar gida.

Ta shigo da ƙamshin ganye a rigarta. Kafin ta cire safar hannu ya faɗa mata komai, daga odar har kejin Preben, bai rage ko ɗaya ba, kuma wannan ne karo na farko a aurensu da ya ba da labarin ɓarnarsa tun ba a gano ba. Ya ce ya yi iya yinsa, layi ɗaya kawai ya dawo. Gudrun ta zo ta tsaya a bayansa ta kalli allon. Ya jira faɗa, bai zo ba.

"Ba ka ɓatar da komai ba," in ji ta. "Iyakar abin da na rubuta ke nan."

Ya juyo ya dube ta. Ta ja kujera ta zauna da rigar sanyinta a jiki.

"Cewa Asta ta yi in ba mutane dariya, kada in kuskura in sa kowa kuka a gidanta. Kwana bakwai ina nema, Ejvind. Duk abin dariyar da na tuna, tare da ita muka yi shi, sai in kasa wuce wurin."

Mako guda Ejvind yana wucewa ta bayan matar nan yana jin ajiyar zuciyarta, kuma abin da ya iya yi shi ne ya auna saurin na'ura. Agogon bango ya nuna uku da minti ashirin. Ya jawo kwamfutar gabansa, ya gyara tabarau, ya ɗora yatsunsa biyu da yake rubutu da su.

"Faɗa mini ɗaya," ya ce. "Ko bai hau kari ba. Ni zan rubuta, ke ba sai kin kalla ba."

Ta zare safar hannunta ta ajiye a tebur. Sannan ta fara ba shi labarin ranar da ita da Asta, suna 'yan shekara goma sha bakwai, suka ari kwalekwalen fasto ba da saninsa ba, suka mance da sandar tuƙi a bakin ruwa, aka jawo su gida a bayan jirgin masunta kamar kayan wanki. Tana dariya hawaye na zuba, ba ta share ba. Shi kuma yana bin ta harafi-harafi, kuma duk layin da ya kai ƙarshe sai ya adana shi kafin ya ce ta ci gaba.