Gogo Ta Shiga Ta Ƙofar Gaba

A gidan Turawan da Gogo Nokuzola ta yi wa aikatau a Johannesburg jikarta Sibahle take ɗaukar fim ɗin ban tsoro, labarin 'yar aikin da fatalwarta ta ƙi barin gidan. Ta gayyato tsohuwar kallo.

Gogo ta shigo ta ƙofar gaba, abin da ba ta taɓa yi ba, sai ta tarar da jinin ƙarya malale a falo.

"Ke 'yar nan, wa zai goge wannan ta'asar?"

"Ba dai ke ba, Gogo. Zauna."

Ta miƙe ƙafa a kujerar uwar gida, aka kawo mata shayi. Da fatalwar ta fito tana kururuwa, Gogo ta yi dariya har da ƙwalla, ta nemi ƙarin sukari.