Karan Awon Farfela

Farfela ta huɗu ta faɗi ne da hantsi, a hawan da ke bayan rafi, mota tana ɗauke da buhunan dawa goma sha takwas da mata shida a kansu. Dabo ya ji wani ƙwas a ƙarƙashin kujera, sai ƙarfe ya shiga dukan cikin mota kamar ana sussuka, daga nan inji ya yi ta kuka shi kaɗai, tayoyi ba sa motsi. Ya ja birkin hannu, ya kashe mota, ya ɗora goshinsa a kan sitiyari. Bai ma yi salati da ƙarfi ba. Ya riga ya san abin da zai gani idan ya leƙa: dogon ƙarfen nan da ke ɗauko juyi daga giya ya kai wa tayoyin baya, kwance cikin taɓo.

Inna Tani, wadda ba ta fashin kasuwar Gwaram ko da ana ruwa, ta leƙo daga saman buhuna.

"Direba, Raƙumar taka ta sake haihuwa?"

"Ta haihu, Inna."

"To Allah ya raya. Mu dai a taimaka a sauko da mu, ƙafata ta yi sanyi."

Motar tsohuwar a-kori-kura ce, gadon mahaifinsu, shi da yayansa Hambali. Shekara biyu da suka wuce Dabo ya kai ta Birnin Kudu aka ƙara mata ganyen sifirin, aka cusa ƙarafa biyu masu kauri tsakanin sifirin da aksil, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya, aka sa mata manyan tayoyi, duk don ta riƙa tsallake rafi da duwatsun hanyar Unguwar Maikuɗi, can bayan Farin Dutse, inda da damina ko babur sai an ɗauke shi a ka. Ta yi tsawo har sai an kafa wa tsofaffi turmi kafin su hau. Shi ya sa aka sa mata Raƙuma. Daga ranar kuma ba ta sake zama lafiya da farfela ba.

Dabo ya yi abin da ya saba. Ya zare busasshen karan dawa daga dangar wata gona, ya kwanta ya shige ƙarƙashin mota, ya kafa kan karan a bakin giya, ya karya ɗaya kan daidai bakin aksil. Kaya na nan a sama yadda aka ɗaure su. Ba a kwance kayan mutane a tsakiyar hanya, igiya ɗaya ce ta zagaye su duka, kuma kowace mace ta san inda buhunta yake. Ban da haka, shi kullum sauri yake ya je ya samo ƙarfe ya dawo kafin la'asar.

Yana fitowa sai ga Hambali da amalanken shanu. Labari ya riga ya kai gida. Hambali ya tsayar da shanu, ya dubi ƙarfen da ke ƙasa, ya dubi ƙaninsa da taɓo har cikin kunne.

"Dabo, mun yi magana a kan ta uku."

"Mun yi, Yaya."

"Na ce in ta sake, mu sayar mu ƙara shanun huɗa, ka dawo gona. Dillali zai zo ran Juma'a."

"Yaya, ka bar ni in gwada wannan ɗin kawai."

Hambali ya sosa wuyan bijimi. "Ni ba sabon ƙarfe nake so in gani ba, na ga uku. In Juma'a ta yi tana tafiya, kuma ka iya gaya mini abin da ke kashe ƙarfen nan, da bakin da ni ma zan gane, sai mu sake zama. In ba haka ba, kada ka ce na zalunce ka."

Dabo ya naɗe karyayyiyar farfelar a buhu, ya riƙe karansa kamar sandar makaho, ya tari babur zuwa Gwaram, daga can ya shiga mota zuwa Birnin Kudu. A hanya sau biyu yana cewa wani fasinja ya janye gwiwa kada ya karya masa kara. Mutumin ya dube shi kamar mai taɓin hankali, shi kuwa ba shi da ƙarfin yin bayani.

Shagon da ya saba saye a rufe yake, an ce mai shi ya tafi ta'aziyya Sundimina. A can ciniki ba ya wuce minti biyar: ka miƙa kara, a jera shi da farfelolin Beljiyam da ke jingine a bango, wadda ta yi daidai ka ɗauka. Dole ta sa ya gangara gindin darbejiya wajen Malam Abdulsalami, tsohon makaniken da direbobi ke gudu saboda yawan tambaya.

Malam Abdulsalami bai ko kalli karan ba. Ya sa aka zazzage masa karyayyen ƙarfen a gabansa, ya zare gaɓar da ke shiga tana fita idan mota ta yi sama ko ta yi ƙasa, ya goge haƙoranta da tsumma mai fetur.

"Ta nawa ce wannan?"

"Ta huɗu, Malam."

"Sannu da ƙoƙari. An ɗaga motar ko?"

"An ɗaga."

"Na ga alama. Zo ka gani. Haƙoran nan tsawonsu ya fi tafin hannu. Ina ne ya cinye?"

Dabo ya duƙa. "Baki-baki ne kawai."

"Yatsa biyu. To da ka auna, akwai kaya a kai ko babu?"

"Akwai. Ai a hanya take lalacewa, da kayan mutane."

"Duk waɗanda ka saya haka ka auna?"

Dabo ya gyaɗa kai. Tsohon ya girgiza kai, ba da faɗa ba, kamar wanda ya gaji da ganin abu ɗaya.

"Ɗan nan, in ka ɗora wa mota kaya, zama take yi, aksil ya matso kusa da giya. Kai kuma a lokacin kake karya karanka. Sai ka zo ka sayi gajeriya. Ka kai kaya kasuwa, ka sauke, mota ta miƙe, farfela ta zaro har sai yatsa biyu ke riƙe da ita. Duk dawowar da kake yi ba kaya, rawa take yi, rawar tana cin kuros. Ranar da ka sake lodi ka nufi hawa, kuros ɗin da ya riga ya gaji sai ya ce ga garinku nan. Ba ka jin tana kaɗawa in kana dawowa?"

"Ina ji. Na ɗauka hanya ce."

"Kowa hanya yake ɗora wa laifi."

Ya ɗauki guduma ya ƙwanƙwashe murfin kuros ɗin, wato ƙarfen nan mai kai huɗu da ke barin farfela ta lanƙwasa tana juyi. Jan ruwa ya zubo, 'yan alluran ciki suka zube kamar ƙonanniyar shinkafa.

"Me kake sa mata?"

"Baƙin mai nake ɗan zuba mata ta waje."

"Baƙin mai! To ai amalanke ke gare ka, ba mota ba. Kana shiga rafi da ita, ruwa na shiga nan, kai kuma kana shafa mata mai a baya kamar amarya." Ya ɗauko wani kuros ya nuna masa ɗan hancin da ke tsakiyarsa. "Irin wannan za ka sa, mai ƙofar giris. Duk ranar da ka tsallake ruwa, ka kwanta ka ɗura har sai ka ga tsohon ya fito. Ba duk wata ba. Duk tsallakewa."

Dabo ya miƙa karan. "To Malam, a ƙara yatsa uku a kan wannan, a ba ni in tafi. Juma'a kawai gare ni."

"Ba na sayar da ƙarfe a kan kintace. Ka koma ka cire abin da ka cusa tsakanin sifirin da aksil, ganyen ka bar su. Tsayin ya yi yawa, farfela a karkace take aiki kamar wuyan mai leƙen katanga. In ka cire, ka auna sau biyu, ba kaya da kuma da kaya. Kara biyu za ka kawo mini."

"In na cire ai ta tashi daga Raƙuma."

"Sai ta koma jaki. Jakin ai yana zuwa kasuwa ya dawo da ƙafarsa."

Haka Dabo ya koma hannu wofi, da karan da ba shi da sauran amfani. A Gwaram ya jefar da shi cikin kwata.

Washegari da sassafe ya tarar Hambali ya kwashe kayan da amalanke, ya jibge su a rumfar wata gona kusa da hawan, mota tana tsaye fayau, ta ƙara tsawo. Dabo bai ɓoye komai ba, ya faɗa masa yadda suka yi da tsohon. Hambali ya tuɓe riga. Su biyu suka yi ta fama da jak da sifana da notunan da tsatsa ta kama, har rana ta take, kafin ƙarafan nan biyu suka fito. Mota ta sauko kamar tafin hannu guda. Dabo ya kawar da kai.

Hambali ne ya zaɓo kara biyu miƙaƙƙu, shi ya shiga ƙarƙashi ya karya na farko. Sannan suka ɗora buhu goma sha takwas ɗaya bayan ɗaya, ya sake shiga ya karya na biyu, suka sake sauke su ɗaya bayan ɗaya. Bayan Dabo kamar an sare shi. Hambali ya jera karan biyu a ƙasa, ya ɗora yatsunsa a kan rarar. Yatsa uku cif.

"Wato shekara biyu kana auna igiyar garma shanu suna kwance," in ji shi.

"Haka ne, Yaya."

"Mu kuma muna ta cewa ƙarfen zamani ne ba shi da kirki."

Ran Laraba Malam Abdulsalami ya karɓi karan biyu, ya fito da farfela uku ya jera. Ɗaya ya mirgina ta a kan siminti ya ga tana ɗingishi, ya ture ta gefe. Ɗaya an taɓa yi mata walda a tsakiya, ya ce ko kyauta kada Dabo ya karɓa. Ta ukun ya zaro gaɓarta ya gwada da dogon kara, ya tura ta ciki ya gwada da gajeren, ya ga ko'ina akwai sauran wuri. Ya sa mata sabon kuros, ya daidaita kunnuwan gaba da na baya a layi ɗaya, ya ja farin fenti a kansu don kada a zare a mayar a karkace. Ya haɗa masa da tsohon famfon giris.

"Wannan shi ne rabin motarka," ya ce. "In ka bar shi a gida, ka bar ta ita ma."

Ran Alhamis Dabo ya ɗaura farfelar ya mayar da mota gida. A daren nan aka kwana ana ruwa. Da safen Juma'a rafi ya cika ya kawo har gindin gawon da ke bakin gaɓa. A da, Raƙuma da ta faɗa ta wuce ana yi mata tafi. Yanzu Dabo ya tsaya ya kashe inji, ya zauna a kan bambar gaba yana kallon ruwa. Dillali yana tsallake a kan babur ɗinsa, yana ɗaga hannu. Hambali ya bi ta gefensu da amalanke, shanu suka shiga ruwa har ƙirji suka fita.

"Direba," in ji Inna Tani daga saman kaya, "yau shanu sun riga mu. Ko mu sauka mu bi su?"

"Ki yi haƙuri, Inna. Ruwan zai ja."

Sai da rana ta ɗaga sosai ruwan ya sauka ƙasa da gwiwa. Dabo ya sa giya ɗaya ya shiga a hankali, ya fita, ya kama hawan nan da kunnensa a ƙarƙashin kujera. Babu ƙwas, babu kaɗawa. A saman hawan ya tsaya inda Hambali da dillali ke jira.

Dillali ya zagaya motar yana bubbuga ta. "Alhaji Hambali, ta yi gajarta, amma zan ɗauka."

Hambali ya zaro karan nan biyu daga gefen amalanke, ya dube su, ya mayar. "Ka yi haƙuri da wahalar da muka ba ka. Sai bayan kaka, in ka ji kirana."

Dabo bai tsaya jin sauran ba. Ya ɗauko famfon giris daga bayan kujera, ya shimfiɗa buhu a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya kwanta ya shige. Ruwan rafi yana ɗiga masa a fuska daga cikin mota. Ya laluba ya sami ɗan hancin, ya kafa famfo ya fara dannawa. Ya tuna da la'asar zai sake tsallake rafin nan, ya sake kwanciya, gobe ma haka, har damina ta wuce.

"Direba, barci kake yi a ƙarƙashin?"

"Ina zuwa, Inna," ya ce, ya ci gaba da dannawa har baƙin giris ya fara fitowa.